Masauki ba kayan gara ba ne

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Dogondutsi da Birnin Ƙonni, ta karkata a mararrabar Tsarnawa ta nufi Tawa, ya san irin gidan saukar baƙin da nake nufi. Ɗaki shida ko takwas a jere, rumfa a tsakar gida, randa a bakin ƙofa, da allon suna wanda rana ta cinye rubutunsa. A wasu garuruwan mai gidan mace ce, sau da yawa bazawara, wadda kowa ke kira Hajiya ko ta je Makka ko ba ta je ba. Sai ga wani Alhajin birni, sayen albasa ya kawo shi Galmi, ko ɗaukar siminti a Malbaza, ko kuwa mota ce ta lalace masa da magariba. Ya kwana ɗaya, ya ci tuwon da rabonsa da irinsa tun mahaifiyarsa na da rai. Wata na zagayowa sai ga shi ya dawo, alhali babu albasar da zai saya.

Ba ni da ja a kan wannan soyayya. Namiji ya ga mace mai kamun kai, mai riƙe da sana'arta, ya so ta. Ita ma ta gaji da kwana tana lissafin kuɗin wuta ita kaɗai. Aure ya halatta, ya kuma dace. Abin da nake ja a kai shi ne abin da mutane suka ɗauka tamkar dole, wai da an shafa fatiha Hajiya za ta tattara ta koma Yamai, masaukin kuma ya bi ta kamar buhun shinkafa da jarkar mai na gara, ya faɗa hannun Alhaji ko na wani ƙanensa. Ra'ayina shi ne masaukin ya tsaya da sunanta, duk tammar da Alhaji zai sa a ciki a rubuta ko mece ce, kuma a gama maganar inda za ta zauna tun kafin a raba goro.

Sana'ar saukar baƙi tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Zamanin fatake, mai yin ta shi ake kira fatoma: ya ba baƙo ɗaki a zango, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi. Abin da fatoma ke sayarwa amana ce, ɗaki ƙari ne kawai. Har gobe haka abin yake. Mai sayen albasa da ya taho da miliyan uku a jaka yana kwana gidan Hajiya ne don ya san zai damƙa mata jakar ya yi barci. Direban tirela ya san idan ya iso ƙarfe biyun dare za a buɗe masa, a ɗuma masa tuwo. Ma'aikacin da aka turo aikin kwana uku ya san ba za a kawo masa hayaniya ba. Wannan jarin yana jikin mutum guda, kuma ba ya shiga takardar ciniki. Ranar da ta hau motar amarya, rabinsa ya hau tare da ita.

A yi lissafi da misali, don masu soyayya ba su son lissafi. A ce ɗaki takwas ne, biyar masu fanka a kan jika 5 kowane dare, uku masu kilima a kan jika 12. A wata guda kwanan ɗaki 240 ke nan ake da shi na sayarwa, amma masaukin ƙaramin gari ba ya cika sai daren jajibirin kasuwa, da kakar albasa wajen Maris da Afrilu, da lokacin da masu kula da jarrabawa suka zo a ƙarshen shekarar lakwal, da ranar babban biki. Da damina kuwa sai a yi kwana uku ƙuda kaɗai ke baƙunci. A ce an sayar da kwana 90: 65 na fanka, 25 na kilima. Jika 625 ta shigo. A fitar da albashin mutum uku, mai gadi da mai wanki da shara da yaron karɓar baƙi, a kan mafi ƙanƙantar albashin da doka ta yanke, jika 42 tun farkon 2024: jika 126. A ce wuta da man inji sun ci 120, ruwa da sabulu 50, gyare-gyare 40, an ware 30 don lanho da fatanti. Abin da ya saura jika 259. To, idan yaron karɓar baƙi ya ɓoye ɗakin fanka ɗaya tak kowane dare, bai rubuta a kaye ba, a wata ya ci jika 150. Fiye da rabin ribar ya tafi, kuma ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗauki ko cokali ba.

Akwai dabarun toshe wannan ɓaraka, masu masauki sun san su. Littafin rasit mai lamba a jere da kwafi a ƙasa, don kada a yage shafi. Ƙirga zannuwan gadon da suka je wanki kowace safiya a gwada da sunayen da ke kaye. Karanta mitar wuta da safe da yamma, tunda kilima ba ta kwana a kunne mita ta yi shiru. Sai dai duk waɗannan ido suke so. Daga Yamai ta waya, abin da za a samu shi ne yaro da mai wanki su haɗa baki, a daina canza zanen gado don lissafi ya daidaita. Bayan wata biyu kuɗin cizo ya shiga katifu, kuma direbobi ba su ɓoye irin wannan labari, kafin mako ya kai tashar Maraɗi.

Ɓaraka ta biyu ta fi ta kuɗi muni. Mace mai masauki kullum a bakin wuƙa take, domin a idon wasu mutane gidan saukar baƙi da gidan banza tazararsu taki ɗaya ce. Hajiya ta yi shekaru tana tsare wannan taki: ba ta ba da ɗaki na awa biyu da rana, tana karɓar katin shaida ta rubuta suna da inda mutum ya fito da inda za shi, kamar yadda jami'an tsaro ke buƙata, balle a jihar Tawa da arewacinta ke fama da matsalar tsaro. Yaron da aka bar wa makulli zai ga ɗaki a rufe da azahar, ga mai miƙa jika uku. Sau goma zai yi kafin maƙwabta su gane, sau ashirin kafin maganar ta hau mumbari ranar Juma'a. Sunan da ya ɓaci ta wannan hanya fenti ba ya gyara shi.

Sai kuma gyaran da Alhaji ke zuwa da shi, da kyakkyawar niyya. Idonsa ya saba da otal-otal na Yamai, saboda haka abu na farko da yake faɗa shi ne a sa kilima a kowane ɗaki, a shimfiɗa tayil, a ɗaga farashi. Kilima mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kilowat ɗaya da ɗan ɗori, takwas a lokaci guda sun doshi kilowat goma, ga shi kowace tana fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi. Ƙaramin injin da ke ɗaukar fanka da fitila da firji ba zai tada uku ba, sai an sayi babba mai shan gazuwal kamar raƙumi ya samu rijiya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake neman sanyin, a lokacin ne wutar gari ke rauni ko ta ɗauke. Wanda ya manta ya tuna Agustan 2023: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka, ba a maido ba sai Maris na 2024. Garuruwa irin Ƙonni da ke kallon Illelar Najeriya sun ga yadda wuta da baƙi ke ɗaukewa rana ɗaya. Kuma ko da wutar ta zauna, mai sayen albasa da ke biyan jika 5 ba zai biya 12 ba, zai koma ya shimfiɗa tabarma a rumfar dillalinsa. Idan Alhaji na son sa kuɗi inda za su yi amfani, ga tankin ruwa a sama don kada baƙo ya tashi da asuba famfo na huci, ga ramin shadda da ke cika duk damina, ga katifu da gidan sauro, ga faifan sola da batir da za su riƙe fanka da fitila har safe, ga katangar filin da manyan motoci za su kwana. Ba su da kyan hoto, amma su ne baƙo ke dawowa dominsu.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin kansu. Tun ana zance Alhaji ya fara turo kuɗi ta Nita ko Al Izza: yau na kwano, gobe na bulo. Rasit ɗin kamfanin aika kuɗi yana nuna wa ya tura, wa ya karɓa, nawa ne. Ba ya nuna ko toshi ne, ko rance, ko hannun jari. Ita a ranta kyautar masoyi ce, shi a ransa ya fara gina otal ɗinsa. Muddin ana dariya babu mai tambaya. Ranar da aure ya fasa, ko aka zo maganar hul'i, ko ɗayansu ya rasu magada suka zauna, a ranar kowane buhun siminti zai samu mai shi biyu.

Hanya uku ce, kuma kowace tana da takardarta. Idan kyauta ce, ya faɗa gaban shaidu biyu, a rubuta, ta karɓa ta riƙe, magana ta ƙare. Idan rance ne, a rubuta adadi da wa'adi da abin da za a riƙa biya kowane wata, a kuma daidaita biyan da lokacin da gidan ke samu, kada a ɗora mata nauyi ɗaya a Afrilu da Agusta. Idan hannun jari ne, a je wurin noter, mai tabbatar da takardu a hukumance, a kafa kamfani irin wanda asarar kowa ke tsayawa a kan abin da ya zuba, wanda ake kira SARL, a ƙiyasta gidan da sunansa da baƙinsa a matsayin zubin Hajiya, a rubuta kason kowa, a rubuta ita ce mai gudanarwa. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi, ta hana miji da mata zama abokan tarayya a kamfanin da bashinsa ke bin dukiyarsu ba iyaka, saboda haka irin kamfanin da za a zaɓa ba abin wasa ba ne. Idan ba a kafa kamfani ba, rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF su tsaya da sunanta. Kada a ce bari Alhaji ya yi takardun tunda shi ya san ofisoshi, ya dawo da su ɗauke da sunansa.

Za a ce rubutu tsakanin masoya rashin yarda ne, aure ba kamfani ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire miji da mata ba. A Musulunci dukiyar mace tata ce, aure ba ya haɗe ta da ta miji, kuma ci da sha da tufafi da wurin kwana suna wuyan miji ko da matar ta fi shi arziki. Abin da Malikiyya ta taƙaita shi ne matar aure ta yi kyautar fiye da sulusin dukiyarta ba da yardar miji ba. Saye da sayarwa da gudanar da sana'arta suna hannunta. Kuma rubutun ba don Alhajin yau mai murmushi ake yin sa ba, don magadansa ne da ba su taɓa kwana a gidan ba. A duba rabon gado. Idan gidan ya koma sunansa ya rasu ya bar ƴaƴa, matansa duka tumuni suke rabawa, wato ɗaya bisa takwas. Idan su biyu ne, Hajiya na da ɗaya bisa goma sha shida. Gidan da ya kai miliyan 16, wanda ta gina da adashi da guminta, miliyan ɗaya za a miƙa mata a ce ta yi haƙuri. Idan kuwa da sunanta yake ta riga shi rasuwa, yana da rubu'i idan tana da ƴaƴa, rabi idan ba ta da su. Bai yi asarar komai ba don ya bar mata sunanta.

Akwai tambayar da ya kamata ta riga duk waɗannan, kuma kunya ke hana yin ta: filin na wa ne? Sau da yawa gidan na marigayi mijinta ne, ita ta mayar da shi masauki don ta ciyar da yara. Idan haka ne, tumuni kaɗai take da shi, sauran na marayu ne da sauran magada, iyayen marigayin ma suna da kaso idan suna raye. Ƴan'uwan marigayi sun yi shiru shekara da shekaru saboda suna ganin ƴaƴan ɗan'uwansu ke ci. Ranar da suka ji wani Alhaji daga Yamai ya fara auna katanga, a ranar za su tuna ba a raba gado ba. Ko kuma gidan mahaifinta ne, ƴan'uwanta maza suna Abijan ko Libiya, kowannensu na da ninkin rabonta. A nan Alhaji ne ke cikin haɗari: ya zuba miliyoyi a filin da ba nata ba ne ita kaɗai, gobe a ce ya ɗauke ɗakunansa idan zai iya. Mataki na farko shi ne a raba gado da malamai da shaidu, a rubuta, a kai kotu ta tabbatar. Idan za ta ci gaba da amfani da kason marayu, a yanke musu haya a riƙa ajiyewa. Sannan a nemi takardar filin: ta ma'aikatar magajin gari idan fili ne da aka yanka cikin gari, ko shaidar hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda ta samo asali daga dokar karkara ta 1993, idan filin gado ne na gargajiya. Mai hali ya bi har ya samu titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili. Kafin wannan, ko bulo ɗaya kada a aza.

Yaran su ma magana ce. A Malikiyya uwa na rasa haƙƙin riƙon ƴaƴa idan ta tare da mijin da ba muharraminsu ba ne, riƙon ya koma ga kakarsu ta wajen uwa. A al'ada kuma dangin uba sukan zo karɓar yaro da ya yi wayo. Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, kotu kan bi al'adar masu shari'a tare da masu ba alƙali shawara a kan al'ada, bayan an gwada sulhu a gaban sarki ko mai gari. Bazawarar da ke son ƴaƴanta su zauna kusa da ita, gara ta zauna da baffanninsu tun da wuri, ta ji bakinsu gaban shaidu. Zamanta a garin yana sauƙaƙa wannan ƙwarai, tafiya da su Yamai ce ke tada ƙura.

Shi ya sa nake ganin zamanta a garinta ya fi, aƙalla shekarun farko. Bahaushe na da sunan wannan tun da daɗewa: auren ɗauki-sandanka, mata na gidanta, miji ke zuwa. A Adar kuwa, wato ƙasar Tawa, inda maza ke tafiya cin rani su yi shekara biyu a bakin teku, babu wanda zai ce bai taɓa ganin mace na riƙe da gida miji na nesa ba. Amma a kula da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan an sa sharaɗi a ɗaurin aure cewa ba zai fitar da ita daga garinta ba, a Malikiyya ana so ya cika, amma ba a tilasta masa, sai idan an rataya sharaɗin da wani abu, misali ya ce idan ya tilasta mata tashi to al'amarinta na hannunta. Hambaliyya ce ke ɗaukar sharaɗin kansa a matsayin dole. Saboda haka "ai Alhaji ya yi alkawari" bai isa ba. A zauna da malamin da ya san fiƙihu ya tsara lafazin, a faɗa gaban waliyyi da shaidu, a rubuta. Waliyyin ma a tantance: bazawarar da ke da ɗa baligi, a wannan mazhaba ɗan ne kan gaba, kafin uba, kafin ɗan'uwa, kuma sai ta furta yardarta da bakinta. Bayan ɗaurin aure a kai shi ma'aikatar magajin gari a yi rajista cikin wa'adi, don idan wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu.

Shi ma Alhaji ya auna ƙarfinsa da gaskiya. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, bas ya tashi da asuba sai bayan azahar ya isa. Ƙonni ma ta haura 400. Idan yana da uwargida a Yamai, rabon kwana na kansa, kuma nisa ba ya sauke shi, sai abin da matan suka yafe da kansu. Mako guda a kowane wata, ko kwana goma, duk abin da zai iya, ya faɗa wa kowace tun farko. Uwargidan da ta ji labarin amarya daga bakin direba ba za ta taɓa yafe wa masaukin ba. Ya kuma shirya wa baƙar magana, don abokansa na kasuwa za su kira shi mijin Hajiya, su tambaye shi ko shi ke ɗebo wa baƙi ruwan wanka. Wanda wannan zai hana barci, gara ya nemi aure a unguwarsu.

Ban manta da mutanen gari ba, waɗanda ɗan birni ke ɗauka ƴan kallo ne ko ƴan damu. Kowane irin wannan gari yana da su. Akwai tsohon soja da ke sara wa duk motar da ta tsaya, ya nemi a gaya masa lambarta. Akwai tsohon malamin lakwal da ke zaune a rumfar masaukin tun safe yana gyara wa kowa Faransanci, har da wanda bai yi magana da shi ba. Akwai gwaggon da ta san kakan kakan kowa, wadda za ta tare Alhaji ta ce, "Ɗana, kai ɗan wane gida ne, wa ya haifi uwarka?" ba ta kuma matsawa sai ta ji. Akwai ɗan kamasho na tasha, da mai shayi, da samarin fada da ke dafa shayi a bakin katanga har tsakar dare, da wani bawan Allah da ya naɗa kansa mai ba motoci hannu ba wanda ya sa shi. Idan kuma aka dace baƙon abokin wasansu ne, kamar Bazabarme a hannun Gobirawan Madawa, to zai ji ana kiransa bawa a bainar jama'a, ana cewa ya zo satar uwar gijiyarsa. Wannan wasan taubasantaka ne, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, kuma amsarsa dariya ce da ramuwa. Wanda ya ɗaure fuska ya faɗi jarrabawar farko.

Waɗannan mutane su ne katangar gidan ta gaskiya. Samarin fada ne ke ganin wanda ya shiga da wanda ya fita, shi ya sa ɓarawo ba ya kusantar motocin baƙi. Ɗan kamasho ne ke nuna wa fasinjan da dare ya yi masa inda zai kwana. Tsohon malamin nan mai surutu shi ke cika wa direbobi takardu, shi ke karanta wa Hajiya wasiƙar ofishin haraji. Gwaggo ce shaidar mutuncinta a gidajen suna da biki. Su ne kuma masu binciken da Hajiya ba ta biya ba: Adarawa sun cika kasuwannin Yamai, daga Katako har Wadata, saboda haka kafin Alhaji ya zo zuwa na uku an san shagonsa, an san matansa nawa, an san ko ana bin sa bashi, an san yadda ya rabu da ta baya. Hajiya ta saurari abin da suka samo ko da ba daɗi.

Kuskure biyu ɗan birni ke yi da su. Na farko ya wuce cikin mota gilashi a rufe, ya ce a kori masu zaman rumfa don suna ɓata wa gida tsari. Ranar da aka ɗauke bencin tsohon malami, an ɗauke tallar gidan. Na biyu ya shigo yana rabon jika-jika ga duk wanda ya gaishe shi, sai a mayar da shi saniyar tatsa, kuma ranar da ya rage hannu a ce karayar arziki ta zo. Abin da ke aiki tsohon tsari ne: ya sauka daga mota ya yi gaisuwa, ya je wurin mai gari da liman da goronsa tare da wani dattijo da zai gabatar da shi, ya yi salla a masallacin unguwa, ya je gaisuwar mutuwa ko da bai san mamacin ba, ya sayi sukari da ganyen shayi ya aika wa fada sau ɗaya a zuwa, ba kuɗi a hannu ba.

Idan duk da haka Hajiya da kanta ta zaɓi komawa Yamai, haƙƙinta ne, amma kada ta bar gidan a hannun "yaronmu" tana jiran abin da zai turo. Gara ta ba da shi hayar gudanarwa ga wanda ya san aikin, a kan kuɗi tsayayye kowane wata, riba da asara nasa. Dokar OHADA ta tanadi wannan: mai bayarwa sai ta kasance ta gudanar da sana'ar da kanta aƙalla shekara biyu, a rubuta yarjejeniya, a buga sanarwarta a jaridar da ke ɗaukar sanarwar shari'a cikin kwana 15, domin kafin a buga, bashin da mai haya ya ci saboda gidan yana iya bin ta. A lissafa kaya ɗaya bayan ɗaya, katifa nawa, fanka nawa, inji da awannin da ya yi, a karɓi kuɗin ajiya na wata biyu ko uku, a rubuta ƙarara cewa ba da ɗaki na awa yana warware yarjejeniyar nan take. Wa'adin farko kada ya wuce shekara.

Idan kuma ta zauna, akwai gini ɗaya da ya kamata Alhaji ya yi da kuɗinsa, a matsayin wurin kwanan da aure ya ɗora masa: sashen iyali mai ƙofarsa daban, da katanga tsakaninsa da ɗakunan baƙi. In ba haka ba zai riƙa sauka a ɗakin kilima mafi kyau, mako guda kowane wata, jika 84 ke nan ta fita daga lissafin da muka yi, ban da abokansa da za su biyo shi a ce ai baƙin maigida ne ba a karɓar musu kuɗi. Baƙon Alhaji ya kwana a sashen Alhaji, ko Alhaji ya biya masa a rubuta rasit kamar kowa. Ƙofar sashen ta kalli wani lungu dabam, ta yadda matan gari za su shigo barka da gaisuwa ba tare da sun ratsa ta gaban direbobin da ke wanka a tsakar gida ba.